Ranar da Na Karya wa Baba Istifanus Fiffike

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ga Baba Istifanus ya sunkuya a shagonmu na ɗinki a unguwar Television, ya tsinci ƙyallen da ya rage daga atamfar Mama, ya ninke shi a hankali ya tura aljihu. Bai san ina kallonsa ta madubi ba. Nan take na fara zarginsa.

Lokacin shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, ni da Mama muke riƙe da shagon. Shi kuwa Baba Istifanus tsohon makanikin jirgin sama ne da ya yi ritaya, yana zaune a unguwar Romi shi kaɗai tun bayan rasuwar matarsa. Duk Juma'a sai ya zo, kuma bai taɓa kawo ɗinkin hankali ba. Yau ya sayi siliki yadi biyu, wani satin ya ce a ɗinka masa wata 'yar kwat da ko babban yatsana ba zai shiga ba. Ga wani warin man zurma da yake binsa duk inda ya zauna.

(Gara in faɗi gaskiya tun yanzu: na karance littattafan soyayya na bakin kasuwa har ina iya gane mugun labari daga hoton bango. Kuma a cikinsu, duk namijin da ya ɗauki ƙyallen mace a ɓoye, wurin boka ya nufa.)

Bayan sati biyu, Mama ta tafi kasuwa, sai ga shi. Ya zaro wata 'yar tsana ta katako sanye da wannan ƙyallen, ya yi ƙasa da murya ya ce, "'Yata, ɗaura mata ɗankwali irin wanda uwarki take yi ranar Lahadi. Amma kada ki faɗa mata."

Na ɗaura. Daga ranar na sa wa Mama ido. Ta fara waƙa a kan keken ɗinki. Ta sayi hoda. Da na gaya mata abin da nake zargi, dariya ta yi ta ce, "Ke, littattafan nan za su haukata ki." Na ce a raina shi ke nan, asiri ya riga ya kama ta.

Da ya gayyace ta wani fili a bayan Romi ranar Asabar da safe, wai ta zo ta ga wani abu, sai na garzaya wurin Mama Ladi, shugabar addu'a ta zumuntar matan cocinmu. Ta ɗauki kwalbar man zaitun, muka tari napep muka bi Mama a baya.

A filin muka tarar da dattawa huɗu, har da wani Alhaji mai walda daga Makera. Can sama wani jirgi yana tafiya a hankali, na ɗauka na gaske ne ya yi nisa, sai da ya sauko ya tsaya gaban Alhajin na ga bai kai benci tsawo ba. Ashe gwanintarsu ke nan, su ƙera ƙaramin jirgi irin na da, su tuƙa shi da wani tsohon akwatin rediyo mai doguwar eriya, yadda ido ba zai bambance shi da na ainihi ba.

Ni dai ban tsaya sha'awa ba. Na hango jirgin Baba a ƙasa, mai fiffike biyu sama da ƙasa, an lulluɓe shi da silikinmu, injinsa na wannan warin na man zurma. A kujerar gaba ga 'yar tsanar nan da ɗankwalinta. Mama na tsaye kusa da shi tana murmushi.

Na kwarma ihu, "Ga ta nan! Mama, ja da baya!" Na ruga na durƙusa zan fizgo ta. Gwiwata ta sauka a kan fiffike, na ji ƙas! Duk da haka na ɗaga 'yar tsanar sama kamar na ci kofi, Mama Ladi kuwa ta tuttule mata mai tana tsawata wa aljanu.

Alhaji ne ya fara magana: "Baiwar Allah, shekara biyu fa yana haɗa jirgin nan. Yau ne tashinsa na farko."

Baba Istifanus ya tsuguna ya shafa karayar, bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Fasinja ce. Jirgin ainihi kujera biyu gare shi, in ya tashi da kujera babu kowa ba ya kama da na gaske." Ya nuna kujerar baya, inda wani ɗan tsana yake zaune cikin kwat ɗin da ni na ɗinka. "Wancan ni ne. So na yi in sun sauka lafiya in tambayi uwarki wata magana."

Na waiga neman Mama Ladi, ta riga ta kai bakin titi. Mama ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna yana ɗigar mai, ta ce, "Mayar da ni inda kika ɗauko ni."

Wata huɗu Baba bai tako shagonmu ba. Mama ta daina waƙa, in ta yi mini magana to almakashi take nema. Da na ga babu sauƙi, na ɗauki allura da zare na tafi Romi, na yi Asabar biyar ina ɗinke sabon siliki a jikin haƙarƙarin fiffiken, yana tsaye kaina yana sa ni warwarewa. Abin da na koya a wannan zaman shi ne, na karanta soyayya ta cika kwali uku, amma da ta gaske ta shigo shagonmu da ƙafarta, 'yan addu'a na kira mata.

An ɗaura aurensu bayan shekara ɗaya. Yanzu idon Baba ya yi rauni, ya daina tuƙi, jirgin yana rataye a silin ɗin falonsu. Jikokinsa kan hau kujera su taɓa farfelar, ba ya hana su. Ni kuwa ko tsumma na ɗauka zan goge tebur, sai in ji muryarsa daga ɗaki yana kiran Mama: "Rifkatu, 'yarki ta zo. Tsaya kusa da jirgin."