Takardar da Na Cusa a Hula

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ƙona lasifikokin Alhaji Mudi guda biyar a gaban baƙinsa, kuma wallahi na yi ƙoƙarin mantawar, ta ƙi. Har yau in na ji ƙaurin roba, ko da shara ake ƙonawa a bayan gida, sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Bari in faɗi ko ni wane ne, don a san daga inda na faɗo. Sama da shekara ashirin ina sana'ar ɗaura lasifika a Roni. Wa'azi, maulidi, saukar karatu, taron siyasa, duk ni ake kira. Masallatan da na ɗaura wa ƙahon lasifika tsakanin Roni da Gwiwa ban san iyakarsu ba. Injiniya ake ce mini, alhali ban taɓa taka ajin boko ba. Allo na yi, na iya ajami, shi ke nan. (Wannan rubutun da kuke gani sai daga baya na koye shi, da furfurata, kuma za ku ji dalili.) Sana'ar tamu ta hawa ce: bishiya, katanga, hasumiya. Ina da shekara hamsin da ɗoriya gwiwoyina suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, kuma sau biyu ina zamewa daga tsani ban gaya wa kowa ba.

Alhaji Mudi tare muka yi makarantar allo. Shi aka kai shi boko, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ya gina gida a Kazaure da shaguna uku a gaba. Wata rana ya dube ni ina ɗingishi ya ce, "Injiniya, ka sauko daga bishiya haka nan. Shagon farko naka ne, ka zauna ka riƙa gyaran rediyo a inuwa." Ba a rubuta ba, ba a kira shaidu ba, maganar manya ce. Matata Hajara har ta fara gaya wa 'yan uwanta cewa Malam ya kusa daina hawan sama.

Ana saura mako guda walimar tarewa a gidan, Alhaji ya aiko in zo. Na tarar da shi a sabon falonsa tare da Ardo Jaɓɓo, wani dattijon Bafulatani daga wajen Gwiwa. Ni kuwa kakata Babarbariya ce, don haka Ardo abokin wasana ne, bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba. Alhaji ya nuna mini wasu ƙananan lasifikoki guda biyar da aka kafa a bango, uku a gaba, biyu a bayan kujeru, kowace ba ta fi kwanon sha ba, da wata ƙatuwa a ƙasa. Ɗansa Nura ne ya aiko da su daga Abuja. Abin da ya rage amfilifaya ce, wato na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, ya ce a sayo a Kano.

"Ka ga, Injiniya," in ji Alhaji, "a gidan Nura na zauna aka kunna irin wannan. Ruwan sama ake yi a cikin talabijin, sai na ji yana zuba a bayana, har na waiwaya in ce a rufe taga. Shi nake so. Ni ba ƙara nake nema ba."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." Gaskiya ban saurari rabin maganar ba, ina ta kallon 'yan mitsi-mitsin lasifikokin ina raina su.

Sai ya ciro wata takarda a ninke daga aljihu. "Nura ya ce a ba ka wannan. Ni ban ma buɗe ba, ya ce taka ce."

Ardo ya tuntsire da dariya. "Alhaji, Babarbare ka ba takarda? Ai tsire zai naɗe da ita."

Nan ne aka yi ɓarnar, ba ranar walima ba. Na san a raina Turanci ne a ciki, irin lambobi da haruffan nan na 'yan boko. In na buɗe, dole in miƙa wa wani ya karanta mini a gaban Ardo, ya samu abin tsokanata har in mutu. Sai na ce, "Bafillace, mu amfilifaya da hannu muke saninta, ba da takarda ba." Na cire hula, na cusa takardar a ciki, na mayar.

Washegari na shiga Kano. A kasuwar kayan lantarki na samu wani mai shago, mutum mai haƙuri, Allah ya saka masa. Na kwatanta masa abin da ke falon Alhaji, nan da nan ya gane. Ya ɗauko wata 'yar shafaffiyar amfilifaya, ya juya mini bayanta.

"Ga ta, Baba. Baki biyar gare ta, kowace lasifika da nata. Ta gaba abin da take faɗa daban, ta baya daban. Shi ya sa ake jin abu yana zagaye mutum."

Na ɗaga ta da hannu ɗaya. Da hannu ɗaya fa! Mu a sana'armu abu biyu ake dubawa. Na farko nauyi: in ba ta sa ka yi nishi ba, ba amfilifaya ba ce. Na biyu nisa: a kunna, a tura mutum a babur ya fita bayan gari, in ya dawo ya ce yana ji, to ta yi. Haka aka koya mini, haka na rayu a kai.

Na ce, "Wannan muryarta ina za ta kai?"

Ya ce, "Baba, falo ne fa. Ina kake so ta kai?"

Na hango wata a ƙasan kanta, baƙa, mai mariƙin ƙarfe da fanka biyu a ciki. Na gwada ɗagawa, bayana ya amsa. Na ce ita nake so.

"Baba, wannan ta filin taro ce. Ba wanda ya aiko ka ya ba ka takarda ba?"

Na dafa hulata, na ji takardar tana nan. Na dube shi na ce, "Ni ne takardar."

(Na sha tuna wannan maganar. In da za a ba ni dama in goge kalma uku daga rayuwata, su zan zaɓa.)

Bai sake musu ba. Mutum biyu suka kai ta mota. Mai shagon ya biyo ni har bakin titi yana cewa, "Don girman Allah, Baba, in ka haɗa kada ka buɗe ta duka." Na ɗaga masa hannu irin na wanda ya riga shi zuwa duniya. A motar dawowa wata malamar makaranta ce a kusa da ni, tana ta duba takardun ɗalibai tun daga Kano har Kazaure. Da na ce, "Malama, duba mini wannan," da yanzu ina inuwa. Ban ce ba.

Da na zo haɗawa, sai na ga baki biyu ne kawai a bayanta, ga lasifika biyar. Ban ɗauke shi matsala ba. Haka muke yi wa ƙahonin masallaci: na tattara jajayen wayoyi na murɗe su wuri guda, baƙaƙe ma haka, na naɗe da salatif. Ƙatuwar ta ƙasa ban gane inda take shiga ba, na bar ta na ce ado ce. Ban samu gwadawa ba, don wuta ba ta zo ba duk kwanakin, janareta kuma yana wurin gyara, sai ranar walima aka dawo da shi.

Ranar, bayan La'asar, falo ya cika. Tsofaffin abokan aikin Alhaji da manyan riguna, limamin unguwa, Ardo a kusa da ƙofa, mata kuma a cikin gida. Alhaji ya kama hannuna ya nuna ni ga jama'a. "Wannan abokina ne tun muna wanke allo tare. Shi zai zauna a shagon farko." Aka ce ma sha Allah. Ya miƙo mini faifan da Nura ya aiko, mai ruwan saman nan, ya ce a sa wa baƙi su ji abin mamaki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai an yi gwaji tukuna."

Ba a fara taro ba gwaji, wannan doka ce a wurinmu. Na zaro makirufona daga aljihu, wanda ya sha wa'azi da siyasa, na jona. Na murɗa duk maɓallan har ƙarshe, don a fili daga ƙarshe muke farawa, sai mai babur ya dawo a rage. Na ƙwanƙwasa kan makirufon da yatsa, na ce, "Assalamu alai…"

Ban kai ƙarshen sallamar ba. Wata irin ƙara ta tashi, siririya, mai shiga haƙori, ta buga tayil ta buga silin ta dawo. Liman ya saki kofin shayi a kan rigarsa. Wani dattijo ya kwanta a ƙasa ya rufe kai. A cikin gida mata suka ɗauki salati. Sai na ji fat! a gaba, fat! fat! sannan na baya biyu suka amsa, ɗaya bayan ɗaya. To, Alhaji ya ce yana son abu ya zagaye shi, ya kuwa zagaye. Hayaƙi ya fara fita daga bango wuri biyar. Ni kuma ina tsaye da makirufo a baki ina cewa, "Gwaji, gwaji," babu abin da ke fita sai muryata ta Allah.

Wani ya fita ya kashe janareta. Sai tari ta ko'ina.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ni. Ya dubi amfilifayar, ya dube ni, ya ce a hankali, "Injiniya, ita ce Nura ya rubuta?"

Na sauke makirufon daga bakina.

"Ina takardar?"

Na cire hulata a gaban manyan mutane, kaina a buɗe. Takardar tana nan, gumi ya jiƙa ta, ninkinta yadda aka ba ni. Kowa ya ga ba a taɓa buɗe ta ba. Alhaji ya warware, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Karanta mana. Taka ce."

Ajami ne. Ajami tsantsa, da wasali da komai, rubutun da ko a duhu zan karanta. Kuma na karanta, da ƙarfi, don ban san yadda zan ƙi ba:

"Gaisuwa ga Kawu Injiniya. Baba ya ce ajami kake karantawa, shi ya sa na nemi wani malami ya rubuta maka haka. A sayi mai baki biyar, kowace lasifika da nata. Don Allah kada a sayi irin ta masallaci, za ta ƙona su. Kuma ba a sa musu makirufo."

Ko tuntuɓe ban yi ba. Liman, yana goge shayi daga rigarsa, ya ce, "Ma sha Allah, karatunsa da kyau." Na san so yake ya taimake ni. Wani ya fara dariya ya mayar da ita tari.

Na jira Ardo. Na ce yau kam ya samu abin da zai ci ni da shi har kabari, kuma da ya yi, da na ji sauƙi. Sai ya taso, ya ɗauki hulata da ta faɗi ƙasa, ya kaɗe ta, ya miƙo mini ya ce, "Sa hularka, Malam." Bai ce Babarbare ba. Ranar da abokin wasanka ya tausaya maka, ka san ka gama lalacewa.

Alhaji har abinci ya sa aka ɗaure mini in kai gida. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban iya tayar da ta shago ba. Bayan wata biyu na wuce ta ƙofar gidan, na ga an yi wa shagon farko fenti, tela yana ciki yana taka keke. Muna gaisawa da Alhaji har yau, gaisuwa mai tsawo, ta mutanen da ba su da abin cewa. Hajara kuwa ta daina zancen Kazaure, ta kuma fara ajiye mini man zafi a bakin gado.

Amfilifayar kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba. Alhaji ya ba da ita sadaka ga wani masallaci a ƙauyen da ke bayan Kanya Babba. Da suka tashi neman wanda zai ɗaura musu ƙaho, wa kuke jin aka kira? Ni na hau hasumiyar da waɗannan gwiwoyin. Aka tura mai babur, ya dawo ya ce har a gonakin ƙauyen gaba ana jin kiran salla. Suka yi ta sa mini albarka, suna cewa wanda ya zaɓo wannan na'ura ya san aikinsa.

A shekarar na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zama a bayan aji da 'yan kasuwa. Har yanzu ina hawan bishiya. Amma duk takardar da ta shigo hannuna sai na buɗe ta, ko da ta ƙosai ce. Hajara kan ce, "Malam, ci abinka mana, zai huce." Ni kuwa sai na juye ƙosan a faranti, na warware takardar, na duba gaba da baya tukuna, ko wani ya rubuto mini kada in ci.