Burtun Longsight

"Barewa? Haba Baba, kamun barewa ai ba farauta ba ce, aike ne!"

Mai wannan magana shi ne Ɗan'azumi, ɗalibin digiri na uku a Manchester, wanda ya shekara biyar yana rubuta babi na biyu. A falon Alhaji Ashafa ya yi ta, can Sparkhill ta Birmingham, bakinsa cike da tuwon mutane. Kuma kada ka ce tambayarsa aka yi. Alhaji, injiniyan da council, wato hukumar gari, ta sallama a shekarun nan na tsuke bakin aljihu, ajiyar zuciya kawai ya yi, ya ce shekararsa ashirin rabonsa da naman daji. Shi ke nan gogan naka ya ture kwano.

"Ni fa jikan Sarkin Baka ne. Kakana da tari yake ka da gada. Ni kaina ina ɗan shekara tara na kama gwanki da hannu, sai da ya ba ni tausayi na sake shi."

Kakan nan, Allah ya jiƙansa, tela ne a Fagge, kuma almakashi ne makami mafi kaifi da ya taɓa riƙewa.

Alhaji ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "To madalla. An ce duwatsun da ke kusa da ku cike suke da barewa. Kawo mini cinya ɗaya, a ranar zan sa muku rana kai da Ruƙayyatu."

Ruƙayyatu 'yar Alhaji ce, tana aiki a kantin magani, kuma saboda ita Ɗan'azumi ya shekara biyu yana jigila tsakanin garuruwan nan. Sonta yake yi tsakani da Allah. A duk zancensa wannan kaɗai ne ba ya buƙatar tacewa. Da ta rako shi bakin ƙofa ta yi ƙasa da murya ta ce, "Don Allah ka koma ka ce wasa kake. Daddy ba ya yafe ƙarya, seriously. Kai da ɓeran flat ɗinku ma sai da Dung ya kashe maka?"

"Ni ba na kashe abin da ba a ci," in ji shi. "Ke dai ki tanadi yaji."

Dung shi ne abokin zamansa a unguwar Longsight ta Manchester, mutumin Jos, yana aiki a gidan kula da tsofaffi. Shi kam ya yi farauta ta gaske a duwatsun garinsu, shi ya sa ba ya zancenta. Da Ɗan'azumi ya nemi takardar izinin bindiga, aka ce sai da wasiƙar likita. Ya buga wa GP, likitan unguwarsu, aka ba shi appointment bayan mako biyar. Ya ce to kwari da baka. Dung ya ce haramun ne a ƙasar nan. Ya ce wuƙa fa? Dung ya ce ita ma.

"Malam, ka ji ni da kyau," in ji Dung. "Ko da hannu ka taɓa dabbar nan ba izini, kotu ce, kuma visa ɗinka ta tafi."

"Sai an gan ni ko? Manyan maharba ba a ganinsu." Ya kwance igiyar shanya daga bayan gida. "Da ranta zan jawo ta har Stockport Road, mahauci ya yanka."

"A bas za ka sa ta?"

"A motarka."

Sannan ya sauko da babban sirrinsa daga bango: burtu. Ka dai san shi, kan baƙin tsuntsun nan mai dogon baki da maharba ke ɗaurawa a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su yi ta rarrafe suna kwaikwayon kiwo har su kusanci nama. Na gaske ne, da bakinsa da fatarsa, ya saye shi a Kasuwar Kurmi don ado.

Dung ya juya shi a hannu ya ce, "Barewar gida ta saba ganin burtu, shi ya sa ba ta gudu. Ta nan a ina ta san shi?"

"Ranar Asabar za su gaisa."

Asabar da hantsi suka isa duwatsun Peak District. Watan Oktoba ne, sanyi na shiga har ƙashi, hazo ya kwanta a kan ciyawa. Ofishin mai gadin daji a rufe, an manna takarda cewa an rage ma'aikata. Ɗan'azumi ya ce ka gani, tun daga nan asirin kakansa ya fara aiki. Dung ya ce shi yana mota da shayinsa. Gogan ya ɗaura burtu, ya yafa baƙin bargo, ya cusa igiya a ƙugu, ya faɗa ciyawa da rarrafe.

Bai yi nisa ba gwiwoyinsa suka fara kiran sunan Allah. Yana nishi, yana gyaɗa kai, yana tunanin irin hular da zai sa ranar ɗaurin aure. Can sai hazo ya ɗan yaye, ga garke a gabansa.

Kai jama'a! Shi a ransa barewa 'yar aba ce kamar akuya. Wannan da ya tsaya a gaban garken kuwa ya kai ingarman doki, ƙahonsa reshe-reshe kamar busasshiyar bishiya. Kuma lokacin barbararsu ne, lokacin da namijin ba ya son ganin ko inuwa kusa da matansa. Ya dubi baƙon tsuntsu, ya kafta ƙasa da kofato, ya saki wani irin ruri. Ɗan'azumi ya yi baya da gudun rarrafe, sai ji kake tsulum! Ya afka wani rami, taɓo ya riƙe shi har ƙirji. Ciyawa ta rufe shi ruf, kan burtu kaɗai ke leƙe a sama.

Yana cikin salati sai ya ji motsi a bayansa. Wata tsohuwar Baturiya ce a kan tudu, da madubin hangen nesa, tana rawar jiki tana latsa waya. Ashe cikin masu kallon tsuntsaye take, mutanen da za su bar abinci a wuta su yi tafiyar mil ɗari don ganin ɗan tsuntsun da bai kai loma ba. Kafin awa guda motoci sun cika bakin hanya. Mutum ya fi sittin a jere, kowa ya saita kyamara mai dogon hanci, ba mai tari.

Ɗan'azumi ya yi lissafi. In ya fito ta gaba, ga ƙaho. In ya yi magana, ga shaidu sittin da hotuna, ga igiya a ƙugu, ga kotu, ga jirgin Kano. Sai ya yanke shawarar da ya ga ta fi: ya ci gaba da zama tsuntsu har su gaji.

Bai san mutanen nan ba. Ba sa gajiya.

"Ya daina motsi," wani ya raɗa da Turanci. "Ko ya mutu ne? A je a duba."

Nan da nan burtu ya gyaɗa kai, ya sassari ciyawa sau uku. Aka yi ta ɗaukar hoto kamar ruwan sama. Sanyi ya sa shi atishawa, mutum goma suka rubuta kukan a littafi. Wani mai gemu, wanda ya ce ya taɓa kwana biyu a Gambiya, ya tabbatar wa jama'a cewa mace ce, kuma kwanci take yi, kada kowa ya matsa. Ɗan'azumi ya ji wannan da kunnensa, ya haɗiye. Ya hango Dung a cikin taron, wani ya ara masa madubi, kafaɗun Dung sai rawa suke yi don dariya.

To, a can Sparkhill, Alhaji Ashafa yana da maƙwabci, Mista Harold, shi ma ɗan wannan ƙungiya ne. Saƙo na shigowa wayarsa ya ruga ya buga ƙofa: ga tsuntsun ƙasarku ya sauka a Ingila, zo ka tabbatar mana! Alhaji ba aikin fari balle na baƙi tun da aka sallame shi, ya ce Ruƙayyatu ta ɗauko mota.

Azahar ta gota lokacin da taron ya dare, aka ba masani daga Afirka hanya. Ɗan'azumi ya leƙa ta cikin ciyawa ya ga hular Alhaji, ya ga jan mayafin Ruƙayyatu. Wallahi da taɓon nan zai haɗiye shi gaba ɗaya da ya gode masa.

Alhaji ya sa ido a madubi ya daɗe. Baki na burtu ne, ba shakka. Amma a ƙarƙashin wuyan akwai tabarau, kuma a bayan tabarau akwai idanun da suka sha cin tuwo a gidansa. Ya ɗago ya dubi Dung. Dung ya dubi sama.

Alhaji ya gyara murya ya ɗaga ta: "Assalamu alaikum!"

Turawa suka ce shhh! Burtu ya yi tsit.

"Malam, amsa sallama dai wajibi ne."

Sannan wata siririyar murya mai karkarwa ta fito daga ciyawa: "Wa alaikumus salam, Baba. An zo lafiya? Ya hanya?"

Tsohuwar da ta fara ganinsa ta zauna daɓas a ƙasa. Mai gemu ya rufe littafinsa a hankali. Namijin barewa kuwa tuni ya kwashe matansa ya haye tudu, ko waiwaye bai yi ba.

Da igiyar shanyar aka jawo shi, Dung a gaba, tsofaffi huɗu a baya. Ya fito, taɓo ya riƙe takalma da wando. Ya ja bargo ya rufe abin da ya samu, ya durƙusa a gaban Alhaji, burtu ya karkace a kunne, haƙora na kaɗawa.

"Baba, saura ƙiris fa. Hayaniyar mutanen nan ce ta kore ta."

Ruƙayyatu ba ta yi dariya ba. Idonta ya kawo ruwa, don ita ma tana sonsa, kuma ta san mahaifinta. Ta ce, "Ko yanzu ma, Ɗan'azumi? Ko yanzu?" Ta juya ta koma mota.

Mista Harold, wanda har yanzu bai gama dawowa hayyacinsa ba, ya ce, "Ashafa, ka san shi ne?"

Alhaji ya amsa da Turanci don kowa ya ji, sannan ya maimaita da Hausa don mai shi ya ji da kyau.

"Na san irinsa, suna da yawa a ƙasarmu. Ga baki, ba nama. Ku gama hotonku ku sake shi, ba a kiwonsa a gida."