Tebur Mai Dogayen Ƙafafu

"Halmoni, sannu da gida! Kina nan da ranki, ko in juya in tambayi maƙwabta inda aka kai ki?"

"Ina nan, ɗan nema. Sai na ga furfurarka zan tafi. Sunkuya, kar ka fasa min ƙofa da wannan goshin."

Bai sunkuya ba, ƙofar kuwa ta gaishe shi yadda ta saba. Jikana ne, Sang-gil, shi ya sa yake ce min Halmoni, wato kaka. Daga Busan ya taso, domin gobe ce zagayowar ranar da mijina, kakansa Man-su, ya rasu, ranar da muke jera wa marigayin abinci a tebur, mu bar ƙofa a buɗe ya shigo ya ci. A duk zuriyar nan shi kaɗai ke zuwa. Ubansa yana Seoul, kwalin ruwan magani yake aiko min duk shekara, kamar na ce masa ƙishirwa ke damuna.

Tuffa da busasshen kifi na ce ya biyo kasuwa ya sayo. Sai ga shi yana janyo wani ƙaton abu naɗe da kwali, yana nishi.

"Wannan fa? Tuffar bana ce ta yi girma haka?"

"Tuffa tana mota."

"Kifin fa?"

"Kifin... yana teku, Halmoni. Bai gama bushewa ba."

"Ka manta."

"Ban manta ba, na ba shi lokaci ne. Tsaya ki ga abin da ya fi kifi."

Ya yage kwalin. Tebur ne, baƙi wuluk, yana sheƙi, ƙafafunsa sun kawo min ƙugu, faɗinsa kuwa mutum biyu za su kwanta a kai ba su taɓa juna ba.

"Irin na manyan gidaje ne," in ji shi. "A kan irinsa ake jera wa magabata abinci yadda ya dace."

"To. Kakanka a kansa zai ci abinci, ko a ƙarƙashinsa zai kwana?"

Man-su wada ne. In muka tsaya, kansa a ƙirjina yake tsayawa, kuma bai taɓa cewa wurin bai yi masa ba. Teburinmu na da, shi da kansa ya datse masa ƙafafu, ya rage masa faɗi, don hannunsa ya kai kowane kwano ba sai ya ce a miƙo masa ba. A kansa ya ci abinci yana raye, a kansa nake jera masa tun da ya tafi.

"Halmoni, tsohon ya tsufa, rawa yake yi."

"Ni ma na tsufa, rawa nake yi. Ka sayo sabuwar kaka?"

"Na duba. Duk waɗanda na gani suna da baki, na ce ina da irinsu a gida."

"Da ka sayo, ko ta taya ni zaginka. Numfashina ba ya kaiwa ƙarshen tsawonka. Ubanka ya fito zangwarere, kai ka fito kamar falwaya, kai can sama inda iska ta kwashe abin da ke ciki."

"Tafarnuwarki ce ta yi min taki."

"Tafarnuwata ba ta taɓa fid da wawa ba sai a kanka."

Ya yi dariya, amma idonsa na kan teburin, yana goge ƙurar da babu ita. Gobe zai kawo yarinyar da yake nema, Hye-rim, karo na farko. Na tsufa, amma ban makance ba.

"Kai, ka ga fim ɗin nan na wadan da ke riƙe da shagon taliyar uwarsa?"

Hannunsa ya tsaya. "Wane?"

"Kar ka yi min wane. Kunnenka ya yi ja."

"Ke ina kika gan shi? Ke da ko talabijin sai kin mare shi yake kamawa."

"Wata yarinya daga ofishin gunduma ta kawo mana majigi ɗakin taron tsofaffi. Aka rataya farin zane, aka raba waina. Da ka ga ƙawayena. Inda ya hau akwatin lemo don ya mari ƙaninsa, Ok-bun ta yi dariya har haƙoranta suka faɗo cikin shayi."

"Haƙoran gaske?"

"Na gaskenta sun riga kakanka tafiya. Ana cikin dariyar sai wata ta waiwayo ta gan ni. Ta zunguri ta kusa da ita, waccan ta zunguri ta gaba. Haka dariyar ta mutu layi-layi, kamar ana kashe fitilu. Daga nan babu mai kallon zanen. Ni suka koma kallo."

"Sun ji kunya ne, Halmoni."

"Kunyar me? Abin dariya ne, ai. Man-su ma ya taɓa hawa buhun taki ya mari mai sayen tafarnuwa, har gobe in na tuna sai na ƙware. Da suka yi shiru ne na ji kamar an fitar da ni waje an rufe ƙofa. Da aka tashi kuwa kowace ta zo tana shafa min hannu, wai na yi haƙuri. Kamar daga kurkuku na fito. Har da ƙara min waina."

"Kin karɓa?"

"Na karɓa mana. Wainar ba ta yi min laifi ba."

"Ke ba ki yi dariya ba ko sau ɗaya?"

"Na yi, ni kaɗai. Inda matarsa ta sayo masa wando ta datse ƙafafun, ta tsaya da guntayen a hannu ta rasa yadda za ta yi da su. Na ƙyaƙyata har da buga cinya. Ɗakin ya yi tsit, suka zaci kuka nake, Ok-bun ta miƙo min hankicinta mai warin man zafi."

"Me ya ba ki dariya a nan?"

"Bargon da ka yi ta tsula wa fitsari kana yaro, da me kake zaton na ɗinka shi?"

Ya buɗe baki. "Bargon nan mai launi-launi?"

"Ƙafafun wandunan kakanka ne, tun na aurenmu. A gidan nan ba a zubar da abin da aka datse."

"Shi ya sa nake mafarkin ina gudu ba na isa!"

"Shi ya sa ka yi tsawo. Duk abin da ya bari ka kwana a ciki ka shanye."

Muka yi dariya tare. Rabon da wani ya taya ni dariya a ɗakin nan har na manta, har bangon ya ji baƙon abu.

"Amma fim ɗin ƙarya ya yi yawa," na ce. "Sun mai da mutumin mai haƙuri, a zage shi ya yi murmushi, har ya gundure ni. Kakanka maguɗi yake yi a karta. Munshari kamar injin jirgin ruwa. In ya shafa mai a gashi sai ya tsaya gaban madubi har miya ta huce. Wa zai yi fim ɗin wannan?"

Sang-gil ya zauna a ƙasa, ya naɗe dogayen ƙafafun nan kamar tsani.

"Tare muka kalla da Hye-rim," ya ce.

"Yauwa. Yanzu muka zo kasuwa."

"Ta yi ta kuka, ta ƙarar da hankicinta ta koma hannun rigata. Da muka fito ta ce matar ta ba ta tausayi. Sai kuma ta tambaye ni ko irin wannan ana gadonsa."

"Ka ce mata me?"

"Na sayo mata gugguru."

"Yarinya ta yi tambaya, ka toshe mata baki da masara."

"Halmoni, kalmar ce ta maƙale. Kuma uwarta irin matan nan ce da ke bincike har kakan kakanka, wa ya yi tari, wa ya yi ɗingishi."

"Me ka taɓa gaya mata game da shi?"

"Gaskiya zalla. Na ce jarumi ne, da hannu ɗaya yake ɗaga buhun tafarnuwa, duk ƙauyen ana shakkarsa."

"Haka ne."

"Ita ta ƙara masa tsawo da kanta. Ni dai ban rage ba."

"Sai ka ce bari ka sayo tebur daidai da ƙaton da ke kanta. To, sakatar ƙofar gida da ke daidai gwiwarka fa? Makunnin fitila fa? Bakin Ok-bun fa, shi ma ka sayo sabo? Kafin yarinyar ta cire takalmi Ok-bun ta tsallako katanga ta ba ta labarin buhun taki, har da kwaikwayo."

"Na yi niyyar in ce mata Ok-bun ta ruɗe."

"Kai ne ka ruɗe, ita haƙora kawai ta rasa."

Ya sunkuyar da kai. Ni kuma zolayar ta ƙare min a baki.

"Ubanka da madubi ya fara," na ce. "Yana makarantar sakandare abokansa za su zo, ya cire shi ya mayar sama. Kakanka ya dawo daga gona ya tsaya gaban bango babu fuska. Ya ɗauko kujera ya hau. Daga madubi sai ya daina kawo abokai. Daga nan in ya hango ubansa a kasuwa sai ya tsallaka titi. Yanzu ga shi can, sai ruwan magani."

"Ni ba Baba ba ne."

"Kai da tebur ka fara."

Iska ta kaɗa ƙofa. Hoton Man-su yana kan akwati, daga ƙirji zuwa sama, gashin nan ya sha mai.

"Dubi hoton can. Wanda bai san shi ba sai ya ce tsawonsa kamar na kowa ne. Waɗanda suka san tsawonsa sun mutu, saura sun mai da shi labarin shan shayi. Daga ni sai sakata sai teburin nan muka rage. In ka canza tebur, gobe ya shigo ya tarar da abincinsa a sama inda hannunsa ba ya kaiwa, a gidansa, a ranarsa. Yana raye bai taɓa cewa a miƙo masa ba. Ba zan sa shi ya fara yanzu ba."

Ya juya ya dubi hoton. Can ya ja hanci, ya ce mura ce ta hanya.

"Shagon ba sa karɓar kaya in an yage kwali," ya ce a hankali.

"Wa ya ce ka mayar? Tsohon gara ta cinye masa ƙafa ɗaya, da fasasshen faranti nake tallafe shi."

"Au! Ashe da gaskiyata!"

"Gaskiyar wawa ce, bisa kuskure ka taka ta. Zarton kakanka yana rataye a rumbu, ƙasa-ƙasa. Ka durƙusa ka gaishe shi kafin ka ɗauko."

Ya kifa sabon teburin a tsakar gida, ya jingina tsohon a gefensa ya ja layi. Sannan ya fara. Ban taɓa ganin an wulaƙanta zarto haka ba.

"Yanka kake ko susa kake masa?"

"Katakon ne mai tauri."

"Hannunka ne na danna waya. Kakanka da rabin hannunka da ya gama ya sha taba."

"Kakana ba shi da tsohuwa tsaye a kansa tana haushi."

"Yana da ita. Ni ce."

Ƙafafun suka faɗo ɗaya bayan ɗaya. Faɗin ma na sa ya rage, yana gumi yana cewa ya sayi tebur na manyan gidaje ya mai da shi benci. Da ya gama, na ɗauki guntun ƙafa ɗaya, na goge shi da zanena, na naɗe a ƙyalle na miƙa masa.

"Me zan yi da wannan?"

"Kai wa yarinyar. Ka ce mata wannan ne tsawon da kakanka bai ɗauka ba, ya bar maka gado. In tana son sanin abin da ake gada a gidan nan, ga shi nan: tsawon banza, da maguɗin karta."

Ya riƙe guntun yana dariya har ya zauna a ƙasa. "Na sallama, Halmoni. Kin ci."

"Kullum ni ke ci. Shi ya sa babu mai zuwa wasa da ni."

Ya ɗauki wayarsa ya fita bakin ƙofar gida. Ban bi shi ba, amma kunnena ya bi shi. Na ji ya ce, "Hye-rim, kin tuna fim ɗin nan?" Daga nan motar mai sayar da kifi ta wuce tana shela, ta cinye sauran.

Ya daɗe. Da ya dawo kunnuwansa kamar an dafa su.

"Ta yi fushi."

"Saboda kakanka?"

"Saboda guggurun. Wai na mai da ita sakara, tana ta kuka a kan mutumin fim, ni ina zaune da na gaske a aljihu."

"Za ta zo?"

"Ta ce za ta zo ta gaishe ku, ke da shi. Ni kuwa sai ta yi tunani."

"Yarinya mai hankali. Ga motar kifi can ta sha kwana, bi ta da ƙafafun nan naka, yau dai su yi amfani."

Ya ruga, ƙofa ta sake gaishe shi a goshi.

Gidan ya koma yadda yake. Na janyo teburin ɗaki, na ajiye shi gaban hoton, na ɗora kwano ɗaya a can bakinsa na nesa. Sannan na zagaya na zauna a mazaunin Man-su, na manne gwiwoyin hannuna a haƙarƙarina don hannuna ya koma tsawon nasa, yadda nake yi duk shekara in babu kowa, na miƙa yatsu.

Sun taɓa kwanon.

"To, ka ji," na ce masa. "Gobe ka shafa mai da yawa. Kana da baƙuwa."