Rasuwar Hob Mai Baki Takwas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɓacin ran da ya fi baƙin cikin yawa, Malam Kalilu mai shagon buga takardu a Nasarawa, Birnin Kebbi, yana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar Hob, ƙaramin akwatin nan mai baki takwas da ya haɗa kwamfutocinsa da firinta tun shagon yana Argungu.

Kowa ya san abin da ake faɗa a kan Malam Kalilu. 'Yan layi na cewa gaya masa magana kamar jefa dutse a Gulbin Rima ne, ba ka ƙara jin ɗuriyarta. Hedimastoci na cewa shi ya sa shi kaɗai suke bai wa tambayoyin jarrabawa ya buga. Matarsa Asiya na cewa sai da furfura ta fito masa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, tun daga nan duk abin da ke ɗaukar rubutu yana ganin girmansa. Irin wannan mutum ne marigayi ya zauna da shi, ya sha wutarsa, ya ci amanarsa.

Ba za a hana mamaci haƙƙinsa ba. Hob bai taɓa neman a saita shi ba. Ya jure zafin bazara a kan kanta babu fanka. Ba a san shi da wata magana ba sai ɗan "ziiii" da yake yi in an kawo wuta. Kuma in kwamfuta ɗaya ta aika saƙo, fitilunsa takwas kan ƙyafta tare, abin da Malam Kalilu ya ɗauka zumunci ne, har yakan nuna wa baƙi. Segun mai gyaran kwamfuta na Badariya ya sha ce masa, "Malam, wanga akwati mai shela na. Ka sai Suwic ka huta." Malam yakan saurare shi har ƙarshe, ya zuba masa shayi, ya bar Hob inda yake.

Ciwon ajali ya fara ne da nauyin jiki. Da kwamfutoci suka ƙaru, in biyu suka yi magana tare sai saƙonninsu su yi karo, kowa ya tsaya ya sake. Malam ya ce tsufa ne, a yi masa haƙuri.

Sai tambayoyin wata makaranta ta Argungu suka isa hannun ɗalibai kafin ranar jarrabawa. Mansura, ɗiyar ƙanwarsa, ita ta buga su. Malam bai yi faɗa ba, bai yi tambaya ba. Mukullin shago kawai ya karɓa daga hannunta. Ta ce, "Kawu, mi nay yi?" Ya ce, "Ba komi." Ta tattara kayanta ta koma Augie wajen mahaifiyarta, zance ya riga ta isa.

Zango na gaba Malam ya buga tambayoyin da kansa, da yatsu biyu. Suka sake fita.

Segun ya zo ya jona kwamfutarsa a bakin Hob da baƙi ke amfani da shi, ya ce Malam ya aika kowace takarda firinta. Malam ya aika. Sai ga rubutun a gaban Segun, layi bayan layi. Ashe duk saƙon da aka ba Hob ya kai wa mutum ɗaya, a ƙofofi takwas yake faɗarsa. Kwamfutoci masu tarbiyya kan toshe kunne, amma wanda ya zo da niyyar saurare zai kwashe. Nan Malam ya tuna wani mai koyar da lesin da ke zuwa da kwamfutarsa kullum da hantsi. Da hannunsa Malam yake miƙa masa wayar jona kwamfuta da Hob, don shi bai iya hana baƙo waya ba, kamar yadda bai iya hana shi ruwan sha ba.

Hob ya rasu a ranar, bayan la'asar, a hannun mai shi, wanda ya zare masa wuta. Marigayin bai nuna nadama ba. Fitilunsa sun mutu tare, kamar yadda suka saba yin komai.

Ya bar kwamfutoci shida, da firinta wadda yanzu ba a san nawa ne daga sirrinta ya rage ba, da wayoyi shuɗɗa da suka rantse su dako kawai suke yi.

Suwic, sabon akwatin da Segun ya daɗe yana faɗa, ya gaje shi. Shi yana riƙe sunan kowa da ƙofarsa, ya kai saƙo ga mai shi kaɗai, kuma mutum biyu na magana tare babu karo. Segun ya kuma raba cikinsa gida biyu, abin da masu sana'ar ke kira bilan: akwati ɗaya ne, ba a ƙara ko waya ba, amma masu buga takardu da firinta suna sashensu, baƙi suna nasu, babu ƙofa tsakani. Baƙo zai sami wayarsa kamar da. Kunnensa ne ba zai ƙetare katanga ba.

Za a miƙa gawar ga 'yan gwangwan ranar Asabar da safe a ƙofar shago. Babu zaman makoki, kada kowa ya kawo abinci. An jinkirta ne saboda Malam ya sa mamacin a leda ya hau mota da shi zuwa Augie. Ya tarar da Mansura a rumfar albasa tana tsince ruɓaɓɓu, mahaifiyarta da maƙwabta na gefe. Ya ajiye ledar a gabanta, ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa.

Mansura ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kawu, Inna ba ta jiya ba."

Malam Kalilu ya gyara tsayuwa, ya ɗaga muryar da ko Asiya ba ta san yana da ita ba.

"Mansura, ba ke ta ba. Na zalunce ki, ban ko tambaye ki ba. Ki gafarta mini."