Ranar da Na Saya wa Bashir Miyar Awara

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, ranar da na yi wa kaina miji a gidan abincin 'yan Koriya, har na saya masa abinci.

Lokacin watana bakwai a New York. Yayana ne ya kawo ni, amma ban cika wata biyu ba ya samu aiki a Texas, ya kwashe iyalinsa suka tafi, ya bar ni da ɗaki ɗaya a unguwar University Heights ta Bronx da nasiha mai yawa. Aikina kula da tsofaffi. An tura ni can ƙuryar Queens wajen wata tsohuwa Baturiya, kwana shida nake yi a gidanta, Lahadi kaɗai nake hutu. Tsohuwar ba ta da fitina, sai dai ba ta ji sosai, kuma kullum da safe sai ta tambaye ni sunana. Iyakar hirarmu ke nan. Idan na koma Bronx, matan da muke gida ɗaya ('yan Gini ne su biyu, Fulatanci da Faransanci suke yi) ko suna wajen aiki ko suna barci. Na san akwai Hausawa a unguwar, ina jin muryoyinsu a bakin shaguna, amma duk maza ne, ni kuma ba zan tsaya gaban shago in ce "don Allah ku taimaka mini da hira" ba. Idan na kira Umma a Kano, lafiya lau nake ce mata, komai daidai, har dariya nake ƙarawa don ta kwantar da hankalinta.

Ranar da nake ba ku labari ruwa ake yi tun safe, irin mai sanyin nan da ke shiga ƙashi. Na fito daga gidan tsohuwa bayan azahar, na tsaya a tashar bas, sai na tuna bas ɗaya da jirgi biyu ne a gabana, kuma abin da ke jira na a ƙarshen tafiyar ɗaki ne da katifa. Daura da tashar akwai wani ɗan gidan abinci da nake wucewa kowane mako. Gilasansa sun yi gumi saboda tururi, ta ciki kana hango mutane sun haɗa kai a kan ƙananan faranti suna ta miƙa wa juna. Na daɗe ina leƙensu. Ranar dai na tura ƙofa.

Mai wurin wata gajeriyar mata ce mai tabarau, ta ɗaura atamfar girki a ƙugu. Ta tare ni da fara'a, ta tambaye ni da Turanci, "Mutum nawa?"

Na dubi tebura. Babu teburi ɗaya mai mutum ɗaya. Nan iyali, can 'yan mata huɗu suna ƙyalƙyala dariya, can wasu tsofaffi biyu. Ni kuma ga ni tsaye da jiƙaƙƙen mayafi da jakar kaya a kafaɗa. Ban san lokacin da na ɗaga yatsu biyu ba.

"Ƙawarki tana tafe?"

"Mijina," in ji ni. (Ban taɓa aure ba. Ko saurayi ba ni da shi a lokacin, sai wani da ya daina amsa saƙona tun ina filin jirgin Kano.)

Ta kai ni wani teburi jikin bango, bayana akwai maratayin riguna cike da jibga-jibgan rigunan sanyi. Ta shimfiɗa cokali biyu, tsinkayen ƙarfe na cin abinci saiti biyu, kofi biyu na wani shayi mai ƙamshin gasasshen hatsi. Na gaya mata ba na cin alade, ba na cin abin da aka sa wa giya. Ta gyaɗa kai kamar ta saba, ta riƙa nuna mini hotuna da yatsa. Na zaɓi wani abu da suke ce wa tokboki, sai miyar awara da kifi da jatan lande. Ta ce, "Mijin fa?" Na ce a ƙaro masa miyar awarar shi ma, yana son ta sosai.

Kafin in gama gyara zama an jere mini ƙananan faranti sun kai shida: kabeji ja mai tsami da yaji, wasu 'yan mitsi-mitsin kifi, ganye mai man riɗi, dankali mai zaƙi-zaƙi. Sai ga tokbokin. Ku ɗauka ɗanwake ne aka ja shi ya yi tsawon yatsa, amma na shinkafa, yana da danƙo, an tsoma shi cikin jar miya mai yaji da zaƙi a haɗe. Na yi kokawa da tsinkayen nan har ɗaya ya faɗi ƙasa ya yi ƙara, na haƙura na koma cokali. Wallahi akwai daɗi. Amma kujerar da ke gabana ta hana ni sakewa.

Minti goma, minti ashirin. Duk lokacin da ƙofa ta buɗe sai mai wurin ta ɗaga kai ta duba, sannan ta dube ni, ta ɗan langaɓar da kai don tausayi. Sau biyu ta zo ta tambaya ko ta dakata da miyar har ya iso. A karo na biyu na ce ta kawo kawai, bari in kira shi. Na zaro waya, na yi kamar ina danna lamba, na kara a kunne.

"Bashir, kana ina ne?" na ce da Hausa, da ƙarfi yadda za ta ji. (Bashir sunan telan layinmu ne a Gwammaja, bawan Allah mai mata da 'ya'ya biyar. Allah ya yafe mini.)

Da farko faɗa na yi masa. Na ce kullum haka yake, ba ya cika alkawari, ya bar ni zaune kamar marar gata. Har shiru nake yi in ba shi damar kare kansa, in ce "uhm, uhm, ai ka saba." Mai wurin ta koma kicin tana girgiza kai. Aikin waya ya ƙare a nan, ya kamata in ajiye. Amma sai na ji wani abu da ban yi tsammani ba: daɗin Hausa a bakina. Ba irin ta gaisuwar waya da Umma ba, wadda nake auna kowace kalma. Hausa sakakkiya, ina faɗa ina jin muryata. Kuma na tabbata duk gidan nan babu mai gane ko "sannu".

Sai na rage murya kaɗan na ci gaba.

Na ce, "Bashir, ni na san babu kowa a layin nan, amma ka saurare ni." Na gaya masa jiya tsohuwa ta kira ni da sunan karenta da ya mutu, na amsa. Na gaya masa ranar Sallah ƙarama a banɗakin tsohuwa na sa atamfata, na ɗauki hoto jikin farin bango, na tura gida na ce muna wajen walima. Na gaya masa akwai daren da nake kunna rediyon Kano a waya, ba don labarai ba, don kawai in ji ana sanar da ɗaurin aure da rasuwa. Na ce tun da yayana ya tafi babu wanda ya taɓa tambayata ko na ci abinci. Na ce, "Ka ga ni nan, babbar mace, na sayi abincin mutum biyu ina hira da wayar da babu kowa a ciki."

Ana cikin haka aka kawo miyar, tukwane biyu na baƙin dutse suna tafasa suna ɓul-ɓul, da shinkafa a kwanon ƙarfe, da ɗanyen ƙwai biyu a faranti. Na share ido da gefen mayafi, na dubi ƙwan.

"To Bashir, shi kuma wannan ɗanyen ƙwan me zan yi da shi?"

"Fasa shi ciki tun miya yana tafasa."

Daga bayana muryar ta fito, ta cikin rigunan sanyi. Muryar mace, da Hausa. Na waiga. Wani hannu ya ture riguna gefe, sai ga fuskar wata dattijuwa baƙa, mai kimanin shekara sittin, da ɗankwali da hular sanyi a kai. A teburinta akwai wani tsoho ɗan Koriya a keken guragu, ta ɗaura masa tawul a wuya, cokalin kunun shinkafa na hannunta. Tazarar da ke tsakanin kujerata da tata ba ta kai kamu biyu ba. Tun kafin in shigo suna nan.

Kun san me na yi? Wayar tana kunnena. Na dube ta ido cikin ido, na ce, "Bashir, bari zan kira ka anjima." Har na danna wajen kashewa.

Ta ce, "Ki gaishe shi." Sannan ta sassauta murya. "'Yata, kin riga kin faɗa ba kowa a layi. Sau biyu."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige har da jakar kayana. Na sunkuyar da kai, tururin miya yana dukan fuskata, ina lissafa abubuwan da ta ji: kare, banɗaki, atamfa, rediyo. Abin da na ɓoye wa uwar da ta haife ni, na zazzage shi duka a kunnen matar da ban taɓa gani ba.

"Hajiya, ki yi haƙuri," na ce, ban ma san haƙurin me nake ba ta ba.

"Fasa ƙwai ɗin tukuna, zai huce."

Na fasa, har da ɓawo a ciki.

Mai wurin ta ga muna magana, ta taho da sauri tana tambayar ko lafiya. Na ce a raina yau asirina ya gama tonuwa. Hajiyar ta juya, ta yi mata bayani da Turanci tana jefa kalmomin Koriya jefi-jefi: mijin yarinyar nan aiki ya riƙe shi, ba zai samu zuwa ba. Mai wurin ta buga tsaki irin nasu, ta ce maza duk ɗaya suke ko'ina, ta dafa kafaɗata. Jim kaɗan ta dawo da wata faffaɗar waina mai ganyen albasa, irin wainar fulawarmu, ta ce kyauta ce, in ci in manta da shi.

Hajiyar ta tura keken tsohonta zuwa teburina, ta zauna a kujerar Bashir, ta ja tukunyarsa gabanta. "Ba a barin abinci ya lalace saboda namiji," in ji ta, ta yi bisimilla.

Sunanta Hajiya Memuna, daga Zongon Kumasi, Hausarta irin tasu ta can. Shekararta shida tana kula da tsohon nan, kowace Lahadi sai ta kawo shi ya sha irin kunun da matarsa take yi masa kafin ta rasu. Ta nuna mini yadda ake ɗibar shinkafa a cokali a tsoma cikin miya, a ɗora kabejin a kai. Ina ci hawaye na zuba, na ce yaji ne. Ta ce, "Ƙwarai, yajin su yana da ƙarfi," ta miƙo mini takardar goge baki. Can ta ce ita shekararta ta farko a garin nan, injin wanki take yi wa hira a gidan wanki na unguwa, don shi kaɗai ke yin ƙara idan ta yi magana. Tsohon kuwa kallona kawai yake yi yana murmushi, ya turo mini farantin kifinsa da yatsa ɗaya.

Ba mu fi rabin awa tare ba motar da ke ɗaukar su ta iso. Ta karɓi wayata da kanta ta sa lambarta, ta ce, "Ki kira ni. Ni ina amsawa." Ta naɗe tsohon da bargo suka fita cikin ruwa, ni kuma na tafi jiran bas da ragowar waina a leda.

Mako shida ban kira ba. Kullum sai in buɗe sunanta, in tuna maganar banɗaki da atamfa, in rufe. Har canza tashar bas na yi ranar Lahadi don kada mu haɗu. Sai wata Juma'a da zazzaɓi ya kwantar da ni a ɗan ɗakin da nake kwana a gidan tsohuwa, babu mai miƙo mini ko ruwa, na danna lambarta.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

Na faɗi sunana. Ba ta gane ni ba. Na ce 'yar Kano. Ta ce 'yan Kano da ta sani suna da yawa. Na rufe ido, na ce, "Hajiya, matar Bashir ce."

Dariyar da ta yi sai da ta sa ta tari. Da ta lafa ta yi mini faɗan rashin kira, ta gaya mini tsohon nata ya rasu mako biyu da suka wuce, an mayar da ita aiki Tompkinsville, can tsallaken ruwa. Hutunta ya koma Laraba, nawa Lahadi. Tun daga ranar sau biyu kacal muka sake haɗa ido, amma takan kira, kuma tambayarta ta farko kullum ita ce me na ci.

Gidan abincin ina zuwa har yanzu, ni kaɗai, kuma na lura ashe masu zuwa su kaɗai suna da yawa, ranar ce kawai idona ya rufe. Matsala ɗaya ta rage. Mai wurin ta tsani Bashir tsana mai tsanani, duk zuwa sai ta tambaye ni ko ya gyara halinsa, ni kuma na rasa ta inda zan ɓullo in raba auren nan.

Abin da na koya shi ne, idan kaɗaici ya cika maka ciki, gara ka nemi mai rai ka gaya masa tun da wuri, don ko ka ƙi ko ka so sai wani ya ji. In kuma ka ga dole sai ka yi sambatu da Hausa a garin nan don kana ganin babu mai ganewa, to ka daure ka leƙa bayan rigunan sanyi tukuna.