Ranar da Na Hana Kawu Sayen Filash

A gidanmu na unguwar Mada'in Fahad, can ƙasa mai tsarki, ni ne masanin kwamfuta, don na taɓa kunna ta ba ta fashe ba. Shi ya sa da Kawu Sale da abokin kasuwancinsa Alhaji Bala suka kasa daidaitawa kan kayan da za su zuba wa jari kafin zuwan alhazai, aka ce a kira ni.

Alhaji Bala ya ɗaga wani ɗan abu kamar yatsa. "Filash ke nan. An ce wajen adana bayanan kwamfuta, shi kaɗai zai haɗiye faifan fulofi kwali guda."

Na karɓa, na jujjuya, har na shinshina, sannan na gyara murya.

"Kawu, wallahi yayi ne, zai wuce. Wane alhaji ne zai sauka Kano da tsarabar da sai an sa tabarau za a gan ta? Fulofi kuwa ga faɗi, ga kala!"

"Halas, shi ke nan, muhandis injiniyanmu ya yi magana," in ji Kawu. Ya zuba rabonsa kaf a fulofi, Alhaji Bala ya saro filash.

Kafin hawan Arfa nasa sun ƙare. Namu kuwa mutum ɗaya ne ya taɓa, shi ma fifita ya yi ya ajiye.

Yanzu a kan kwalayen nake kwana. Kuma duk baƙon da ya shigo, sai Kawu ya ƙwala mini kira: "Yalla muhandis, faɗa mana abin da ba shi da kasuwa, mu je mu saro!"