Zoben da Ya Ɓata a Yatsana

Likitan gyaran ƙashi ya ce maganin ciwon bayana shi ne in riƙa durƙusawa kan hannuwa da gwiwoyi ina lanƙwasa shi. Na tabbata babu mai shigowa shagona na dardumai a kasuwar Balad da tsakar rana, don haka na durƙusa.

Sai ga maƙwabcina Alhaji Mamman, ɗan Nijar. "Malam, me ya faɗi?"

Dattijo irina ba zai ce yana motsa jiki ba. Na ce, "Zobena."

Ya kira maƙwabta: "Yalla, maza ku taya mu nema." Dattawa suka yi ta rarrafe tsakanin dardumai, har Alhaji ya ƙura wa hannuna ido.

"Wannan na yatsanka fa?"

Har yau ko takalmi na sunkuya ɗauka, sai wani ya ce, "Allah ya bayyana, Malam."